Harajin taba da dokar hana sha: wa zai rasa abin yi a Sakkwato?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da tebur kusa da tashar mota a cikin garin Sakkwato, ina sayar da sigari da goro da alewa da ashana. Kullum muna jin za a ƙara harajin taba, za a hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, za a hana sha a cikin jama'a. Wasu na cewa wannan zai kashe kasuwa, ya kori ma'aikata, ya karya manoma, kuma ba abin da zai ƙaru sai fasa-ƙwauri ta Illela. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. A jiha irin Sakkwato, wadda sayen taba take yi fiye da sayarwa, ƙarin haraji da dokar hana sha ba sa rage yawan ayyukan yi idan aka haɗa lissafi gaba ɗaya. Amma akwai mutanen da abin ke taɓa wa aljihu kai tsaye, kai ma kana cikinsu, kuma duk wanda ya ce maka babu mai ji a jikinsa bai gaya maka gaskiya ba. Abin da ya kamata a tantance shi ne su wa abin ke taɓawa, nawa yake ci musu, kuma ina kuɗin ke komawa.

Dokar da kake jin za a kawo ta riga ta zo. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba ta ƙasa a watan Mayun 2015, aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, sai dai kwali mai kara 20 a rufe. Ta hana talla da ɗaukar nauyin wasanni ko bukukuwa da sunan taba. Ta hana sha a makarantu, asibitoci, motocin haya, gidajen abinci da sauran wuraren taruwar jama'a, kuma tarar mai laifi ta fara ne daga naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Hoton gargaɗin da kake gani ya cinye aƙalla rabin kwali shi ma daga nan ya fito. Saboda haka karan da ake zaro wa ɗan kabu-kabu a kan tebur, a takarda haramtacce ne tun shekarun baya. Aiwatarwa ce ba a yi, kuma wannan ne ya sa ba za mu iya cewa dokar ta kori kowa daga aiki ba. Ba a gwada ta sosai ba tukuna.

Haraji shi ne aka fi gwadawa, kuma iri biyu ne. Akwai na kaso, wato kashi kaza cikin 100 na farashin da kamfani ya ce shi ne kuɗin kayan a bakin masana'anta. Akwai kuma na kara, wato ƙayyadadden kuɗi a kan kowane karan sigari, ko mai tsada ne ko mai araha. Kafin 2018 na kaso kaɗai ake karɓa, kashi 20. A watan Yunin 2018 gwamnatin Buhari ta ƙara na kara: naira 1 kan kowane kara a shekarar, naira 2 a 2019, naira 2 da kwabo 90 a 2020, wato naira 20, 40 da 58 a kwali. A 2022 aka ɗaga na kaso zuwa kashi 30, na kara kuma aka tsara shi naira 84 a kwali, sai 94 a 2023, sai 104 a 2024. An yi yunƙurin wani ƙari mai tsoka a 2023, amma Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a watan Yulin shekarar.

Bambancin iri biyun yana da muhimmanci ƙwarai. Na kaso yana da rauni domin kamfani ne ke faɗin farashin da za a lissafa a kai, kuma farashin bakin masana'anta ƙasa yake sosai da wanda kai kake sayarwa. Kashi 30 na wancan ƙaramin kuɗin ba kashi 30 na kuɗin da mai sha ya miƙa maka ba ne. Sannan yana barin taba mai araha da ɗan haraji kaɗan, sai mai sha ya sauka daga mai tsada zuwa mai araha bai rage ko kara ɗaya ba. Na kara ya fi tasiri domin ƙirga kara ake yi, ba a jayayya a kai, kuma ya fi danne mai araha. Amma shi ma yana da cutarsa, hauhawar farashi. Duba wannan: naira 58 ta 2020, lokacin da dala take wajen naira 380, ta kai kusan santi 15 na dala. Naira 104 ta 2024, lokacin da dala ta kai wajen 1,500, ba ta wuce santi 7 ba. A takarda haraji ya kusa ninkawa, a zahiri ya ragu da rabi. Ƙungiyar ECOWAS tun 2017 ta umurci ƙasashenta su sa aƙalla kashi 50 na kaso da santi 2 kan kowane kara, wato santi 40 a kwali, kimanin naira 600 a canjin 1,500. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta haraji ya kai kashi 75 na farashin da mai sha ke biya. Muna nesa da duka biyun. Yawancin tsadar sigarin da ka gani a shekarun nan daga faɗuwar naira ta zo da kuma ƙarin da kamfanoni suka yi don kansu. Haraji ɗan kaɗan ne a ciki.

Yanzu ga lissafin abin da ke faruwa idan aka yi ƙari na gaske. Binciken ƙasashe da dama ya nuna cewa idan farashi ya tashi da kashi 10, shan taba kan ragu da kimanin kashi 4 a ƙasashe masu arziki, kimanin kashi 5 a irin namu. Matasa da masu ƙaramin ƙarfi su suka fi saurin ja da baya. Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, ba farashin kasuwar yau ba. A ce unguwarku ana shan kwali 100 a mako, kowane naira 1,000, harajin ciki naira 200. Jimla naira 100,000 ke fita: 20,000 ta gwamnati, 80,000 ta kamfani da dila da masu tebur. Aka ƙara haraji zuwa 400, kwali ya koma 1,200, tashin kashi 20 ke nan, sai sha ya ragu da kashi 10, ya koma kwali 90. Yanzu abin da ke fita 108,000 ne. Gwamnati ta samu 36,000, masu sana'ar taba sun samu 72,000.

Ka lura da abubuwa uku a nan. Taba ta ragu amma kuɗin shigar gwamnati ya ƙaru, domin raguwar shan ba ta kai tashin farashin ba. Masu sana'ar sun rasa 8,000, kuma mafi yawan wannan asarar ta kamfani ce. Na uku shi ne wanda masu goyon bayan haraji ba su cika son faɗa ba: jimlar kuɗin da unguwar ke kashewa a taba ya ɗan ƙaru. Wanda ya daina ya tsira da kuɗinsa duka, amma magidancin da jaraba ta riƙe, ya ci gaba da sha yadda ya saba, daga kuɗin cefane zai cike giɓin. Matarsa da 'ya'yansa ne ke biyan harajin. Shi ya sa a ganina ƙarin haraji ba tare da taimakon dainawa ba, kuma ba tare da an ga inda kuɗin ya shiga ba, rabin aiki ne. Filifin ta yi gyaran harajinta a 2012 ta zuba mafi yawan ƙarin a inshorar lafiyar talakawa. Tailan tun 2001 take cire ƙarin kashi 2 na harajin taba da barasa don asusun inganta lafiya. A nan kuwa kwastam ke karɓa, a zuba a asusun tarayya, a raba: kashi 52.68 na tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. Rabon Sakkwato da ƙananan hukumominta 23 yana zuwa a cakuɗe da sauran kuɗi, babu alamar da za ta nuna wannan na taba ne. Dokar 2015 ta kafa asusun yaƙi da taba, amma an daɗe ba a sa masa abin kirki ba.

Sai batun ayyuka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi naira 1,000 da aka ba ka ka ga inda take kwana. Kai ka riƙe ɗan abin da ka riƙe, dila ya cire nasa, direban da ya kawo kayan ya samu nasa, sauran ya bar jihar. Babbar masana'antar sigari ta ƙasar nan tana Ibadan, ta kamfanin British American Tobacco (BAT), wadda aka buɗe a 2003 bayan yarjejeniyar zuba jarin dala miliyan 150 da aka ƙulla da gwamnatin Obasanjo a 2001. Akwai wata daɗaɗɗiya a Ilori, kuma tsohon kamfanin taba na Najeriya, NTC, ya yi tasa a Zariya. Aikin sigari aikin inji ne. Injin zamani na naɗe kara dubbai a minti ɗaya, wasu har 20,000, don haka ma'aikatan ciki kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin da ke juyawa. A duk duniya, injina sun kori ma'aikatan taba fiye da yadda kowace doka ta kora. Ribar kuma wani kaso nata ketare yake tafiya wurin masu hannun jari.

Idan mutum ya bar taba, wannan naira 1,000 ba ta ɓacewa. Tana komawa ga mudun gero, fura da nono, tsire, ɗinkin yara, kuɗin makaranta, cajin waya. Yawancin waɗannan a nan ake noma su ko a nan ake yin su, da hannu ake yi, kuma kowace naira na ratsa hannaye da yawa kafin ta fita. Wannan ne dalilin da ya sa Bankin Duniya, a nazarin da ya fitar a 1999, ya kammala cewa yawancin ƙasashe ba za su yi asarar ayyuka ba idan shan taba ya ragu, wasu ma ƙaruwa za su yi. Waɗanda ya keɓe su ne ƙasashen da suka dogara da fitar da ganyen, irin Malawi da Zimbabuwe. Malawi wajen rabin kuɗin da take samu daga ketare na taba ne. Mu ba haka muke ba, kuma ko su ɗin ma kasuwar duniya ce ke juya su, ba harajin cikin gida ba.

Idan ka ji ana ambaton dubban ɗaruruwan mutane da taba ke ciyarwa, ka tambayi yadda aka ƙirga. Galibi ana haɗawa da duk mai tebur da duk mai shago da duk mai shayin da ke da kwali biyu a gefe, a ce aikinsu na taba ne. Kai da kanka ka san ba sigari kaɗai ke riƙe da teburinka ba. Kuma masu shan ba su da yawan da ake zato: binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 5.6 na manya ne ke amfani da taba ta kowace siga, wajen mutum miliyan 4 da rabi, mafi yawansu maza.

Manoma su ne suka fi ba ni tausayi, kuma nasu ya fi sarƙaƙiya. An daɗe ana noman taba a fadamun ƙasar Sakkwato da Zamfara, da ta gargajiya wadda ake dakawa da kanwa a yi taba gari ko a ɗura a lofe, mata su goge haƙora da furenta, da kuma wadda kamfani ke saye. A shekarun baya cibiyar noman kwangila ta fi ƙarfi a yankin Iseyin na jihar Oyo. Noman taba na cin hannu fiye da yawancin amfanin gona. Za ka yi renon iri wajen wata biyu, ka yi dashe, ka cire kan idan ta fara fure, ka riƙa bi kana fige 'ya'yan da ke tsirowa a hammatar ganye kusan kowane mako, ka tsinke ganye daga ƙasa zuwa sama a hankali, ka shanya a inuwa ko ka gasa da itace, sannan ka tantance kala-kala. Iyali duka ke shiga, har yara, kuma ba a lissafa ladansu. Tsinkar ɗanyen ganye da raɓa na sa nikotin ya ratsa fata, mutum ya kama jiri da amai. Taba tana tsotse ƙasa. Sannan mai saye ɗaya ne: shi ya ba ka iri da taki bashi, shi zai yanke darajar ganyenka, shi zai faɗi farashi, ya cire bashinsa kafin ya ba ka saura. Abin da ke riƙe manomi a ciki shi ne tabbacin kasuwa da bashin kayan aiki, duk da ribar ba ta kai yadda ake zato ba.

Don haka ba ya wadatarwa a ce wa manomi ya koma albasa. Ƙasarmu ta albasa ce, daga Goronyo da Wurno da Gada har Aliero a Kabi, ga tafarnuwa, tattasai, shinkafa da alkama, kuma fangalin da ya ɗauki taba zai ɗauki waɗannan. Matsalar ita ce albasa ba ta da mai jiran ta da farashi tsayayye. Kowa na cirewa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, wanda ya zuba a rudu don jiran tsada kuma ruɓa da tsiro su ci masa kaso mai yawa. Sauyin da zai yi aiki sai ya zo da abu uku tare: bashin iri da taki da man injin ban ruwa a farkon rani, ma'ajiya mai iska, da mai sayen da aka ƙulla da shi tun kafin dashe. A Kenya, a yankin Migori, haka aka yi: aka ba manoman taba irin wake, aka haɗa su da Shirin Abinci na Duniya (WFP) a matsayin mai saye, kuma da yawa suka sauya. Inda aka raba iri kawai aka tafi, manomi na iya komawa taba. Wani abin lura kuma, harajin nan a kan sigarin masana'anta yake. Taba gari da ake aunawa a kasuwar ƙauye ba ta biyan komai, don haka idan sigari ya yi tsada sosai wasu za su koma mata, kuma ita ma tana jawo cutar baki da dasashi har da ciwon daji.

Batun gidajen abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Da Ayalan ta hana sha a duk wuraren aiki a 2004, da birnin New York a 2003, an yi ta kururuwar kasuwa za ta mutu, amma bincike masu zaman kansu ba su ga hakan ba. A Sakkwato ma abin ya fi sauƙi, domin al'ada ta riga doka. Ba a kunna sigari a gaban manya, ba a sha a zauren mutane, mai sha kan ja gefe. Mai shayin da ya ce a matsa can a sha ba zai rasa mai indomi ba. Waɗanda za su ji sosai su ne gidajen shisha, tunda hayaƙin shi ne hajarsu. Raunin dokarmu shi ne ta bar ƙofar keɓe wurin sha a wasu gine-gine, alhali hayaƙi ba ya tsayawa a inda aka ja masa layi.

Maganar Illela gaskiya ce, kada kowa ya raina ta. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce, hanyoyin daji ba su ƙirguwa, kuma Nijar ta daɗe tana zama mashigar sigarin da ake saukewa a tashoshin ruwa irin Kwatano. Sigari ba shi da nauyi: katon ɗaya rol 50 ne, kwali 500, kara 10,000, kuma babur ɗaya zai ɗauki fiye da ɗaya. Amma haraji ba shi kaɗai ke juya wannan kasuwa ba. Akwai ƙasashe masu ƙaramin haraji da fasa-ƙwauri ya yi musu katutu, akwai irin Ingila mai haraji mai tsanani da ta rage nata ta hanyar sa ido. Abin da ya fi tasiri shi ne tsaron iyaka, cin hanci a shingaye, da canjin kuɗi. Idan naira ta faɗi a gaban sefa, kayan Nijar kan yi mana tsada, namu ya yi musu araha, sai kaya su juya su nufi can. Maganin kuma sananne ne: hatimin haraji mai lamba a kan kowane kwali wanda jami'i zai duba da waya, lasisi ga dila, da daidaita haraji da maƙwabta don kada tazara ta yi faɗi. Kenya ta kafa irin wannan tsarin bin sawu a 2013, sigarin sumoga ya ragu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da haramtaccen cinikin taba a 2019, saura aiki da ita. Abin da bai kamata a yi ba shi ne hanawa ɗungurungum. Afirka ta Kudu ta hana sayar da sigari daga Maris zuwa Agustan 2020 lokacin korona, yawancin masu sha suka ci gaba da saye ta bayan fage da tsada, gwamnati ta rasa haraji, 'yan sumoga suka kafu. Kanada kuma ta rage harajinta a 1994 don tsoron fasa-ƙwauri, ta yi asarar kuɗin shiga, shan taba a tsakanin matasa ya ƙaru.

Akwai ɓangaren lissafin da masu cewa kasuwa za ta mutu ba sa sawa, wato kuɗin jinya. Wani nazari da cibiyar nazarin tattalin arzikin Afirka ta CSEA da ke Abuja ta yi ya ƙiyasta cewa taba na kashe kimanin mutum 29,000 a shekara a Najeriya, kuma jinyar cututtukanta ta ci wajen naira biliyan 526 a 2019, abin da ya ninka harajin da aka karɓa sau da yawa. A ƙasar da fiye da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun mara lafiya yake fita, wannan nauyi a kan iyali yake sauka. Magidanci ɗan shekara 50 ya samu shanyewar ɓarin jiki ko ciwon huhu, a sayar da tumaki, a jinginar da gona, a cire yaro daga makaranta ya riƙe shago, mace ta bar sana'arta ta zauna jinya a asibiti. Aikin mutum biyu ko uku ya tsaya ke nan, kuma babu mai rubuta shi a matsayin asarar aiki.

Yanzu ga naka teburin. Asararka ta farko a jari take. Idan da kuɗinka na sayen rol 5, bayan ƙari zai sayi 4, kuma dila ba ya jira. Ta biyu ita ce ribar kara ɗaya-ɗaya, wadda ta fi ta kwali, domin kana ɗan ɗaga farashin kowane kara ya dace da kuɗin da ke hannun mutane. Idan aka fara aiwatar da dokar kwali a rufe, wannan ribar za ta tafi, kuma yawancin masu sayen kara biyu ba za su iya kwali ba. Manufar dokar ke nan, domin kara ɗaya shi ne ƙofar da yaro ke shigowa, kuma shi ke ɓoye tsada: kwali ya tashi da naira 200, amma kara da naira 10 kawai ya tashi, mai sha bai ji komai ba. Ta uku ita ce cinikin da sigari ke jawowa. Wanda ya tsaya sayen kara yakan haɗa da ashana, goro ko TomTom.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka san lambarka kafin doka ta same ka. Ka samu littafi, ka yi mako huɗu kana rubuta abu uku kan kowace haja: nawa ka saro, nawa ka sayar, kwana nawa ta yi kafin ta ƙare. Ka cire karan da ya karye, wanda zafi ya busar, da wanda aka karɓa bashi ba a biya ba, domin bashin sigari yana cikin masu wuyar dawowa. Sannan ka raba ribar da jarin da ke kwance a kanta. Masu tebur da yawa sukan tarar sigari ya riƙe kaso mafi girma na jarinsu amma ribarsa a kan kowace naira ba ta kai ta ruwan sanyi ko goro ba. Idan haka naka ya nuna, kada ka yanke a rana ɗaya, domin za ka kori masu tsayawa. Ka rage rol ɗaya a kowane sari, ka sa kuɗin a abin da mutanen tasha ke nema: ruwan leda mai sanyi a kula da ƙanƙara lokacin bazara, dabino, biskit, katin waya, wayar caji, ko allon cajin waya mai sola idan jari ya kai. POS na da riba amma yana son tsabar kuɗi masu kauri, ga haɗarin alat na bogi, don haka kada ka fara shi da bashi.

Ka kiyayi kwalin da aka kawo maka da araha mai ban mamaki. Idan rubutun jikinsa na Faransanci ne, ko babu hoton gargaɗi irin na Najeriya, na sumoga ne, kuma ranar da kwastam suka shigo kasuwa kayanka za a kwashe, wanda ya kawo maka ba za a gan shi ba. Yaron da aka aiko sayen sigari kuma ka mayar da shi, ko da ka san wanda ya aiko shi. Dokar ba ta bambanta ɗan aike da mai sha ba, kuma ta hana a sa wanda bai kai 18 ba ya sayar, don haka idan ƙanenka ne ke zama maka a tebur lokacin sallah ko cin abinci, ka kulle sigarin a akwati har ka dawo.